Sunan da ke Saman Ƙofa

Greensboro, Fabrairu 2006

Yaya Fassouma,

Ki gaya mini tsakaninki da Allah, yaushe na zama ɗan da zai tuɓe sunan ubansa kamar riga ya yar a ƙasar mutane? Ke da kika goya ni, kin yarda da wannan maganar, ko kuwa kin yi shiru ne don Baba yana cikin fushi?

Ki yi mini afuwa, na fara da faɗa kafin gaisuwa. Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da su Hamsatou da Oumaima. Yaya ƙafar Inna? Baba kuwa na san yadda yake, tunda ya ƙi karɓar talhon da na buga ranar Juma'a. Ni lafiyata lau, abinci ne dai ba ya shiga.

Bari in ɗauko miki daga tushe, don abin da ya iso muku Damagaram ta bakin Alhaji Chaïbou Gidan Rumji ya biyo. Kin san shi ne shugaban ƙungiyar 'yan Nijar a nan, shi ya tarbe ni ranar da na sauka, a ɗakin bayan kantinsa na fara kwana. Ban manta ba. Amma alheri ba ya mayar da ƙarya gaskiya.

Bara da Babbar Sallah ta matso, Alhaji ya ɗauke ni a motarsa zuwa Pleasant Garden, wani ɗan gari a kudu da mu, inda mutanenmu suke sayen raguna a gonar wani tsoho. Na buɗe bakin wani rago kamar yadda Baba ya koya mini, na ɗaga ƙafarsa, na ga kofato ya yi tsawo har ya lanƙwashe. Na yi ƙorafi da Faransancina na lakwal. Sai tsohon ya amsa mini da nasa Faransancin, wanda bai fi nawa kyau ba, ya ce bayansa ne ya daina sunkuyawa, in na iya in zo in yanke. Na je yankan kofato na yini guda, ga shi yau shekara ta zagayo ina gidan.

Sunansa Manex Etcheverry, Manesh ake furtawa. 'Yan Amirka sun gaji da sunan tun kafin a haife ni. A kantin abincin dabbobi Mista Ec suke ce masa, a takardun gwamnati kuwa John ne, don wani ma'aikaci ya ga haka ya fi sauƙi. Kin san ni da son sani. Lakwal ta kore ni a aji shida, amma ba ta raba ni da takarda ba. Duk ranar da ya shigo gari sai in ce ya sauke ni kusa da tashar bas, in taka zuwa laburare. Can na samo mutanensa. Baskawa ake ce musu, a duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifaniya suke, kuma yarensu ba ya kama da na kowa a cikin biyun. Etxe a bakinsu gida, berri kuma sabo. Sabon Gida ke nan, Yaya, ba wani tsafi ba. Na ɓangaren Faransa suna rubuta Etcheverry, na Sifaniya Echeverria, su kansu Etxeberria, waɗanda suka tsallako nan kuma kowa ya riƙe wanda aka rubuta masa a bakin ruwa. A Ingilishi ba ya nufin komai, suna ne kawai mai wuyar faɗi.

Ga abin da nake so Baba ya ji. A al'adarsu gida ne yake da suna. Duk wanda ya zauna a cikinsa, ya kula da dabbobinsa da tsofaffinsa, da sunan gidan ake kiransa, ko da suruki ne da ya shigo daga wani ƙauye. Ba sa raba gida. Ɗa ɗaya ne yake zama, sauran su kama hanya. Manex yana cikin waɗanda suka kama hanya. Ya yi shekaru yana kiwon tumakin wasu a duwatsun Nevada, daga shi sai kare, kafin ya auri 'yar Carolina ya biyo ta nan. Ta rasu, ba su haihu ba. Filin na danginta ne, kuma ɗan ƙanenta da ke Charlotte ya gaya masa ƙarara: muddin akwai wanda yake kwana a gidan tare da shi, a bar shi da tumakinsa. Ranar da ya zama shi kaɗai, gidan tsofaffi za a kai shi, a sayar da wurin.

Wata al'adarsu kuma, suna sassaƙa sunayen masu gida a saman ƙofa. Akwai wani faffaɗan katako a saman tasa, da sunansa da na matarsa. Ana saura kwanaki Sallah na dawo daga garke na tarar ya hau tsani, shi da bayan da ba ya sunkuyawa, ya ƙara layi ɗaya a ƙasa: DJIBRILLA ETCHEVERRY. Ban roƙe shi ba, bai tambaye ni ba. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Tun da na zo ƙasar nan ba a taɓa rubuta sunana a wani wuri ba sai a katin shiga aiki.

Ranar layya mutanenmu suka cika gonar, ana yanka a bayan rumfa, mata suna jiƙa wa yara shayi a mota saboda sanyi. Alhaji ya je ƙofar gida neman ruwan zafi, ya ɗaga kai. Ya kira ni a gaban kowa ya ce, "Jibo, yaushe Issaka ya rasu ba a gaya mana ba?" Kin san bakina. Na ce masa ubana Issaka yana nan da ransa, kuma wanda har yau 'yarsa ce take karanta masa takardar kuɗin wuta bai kamata ya fassara ƙofar wani ba. Wasu samari suka yi dariya. Wannan dariyar ce ta tafi Damagaram, ta rikiɗe ta zama wai na sayar da sunan Baba don takardun zama, wai nasara ya mai da ni ɗansa, wai har salla na bari.

Na san hukuncin da Alhaji yake jawowa, cewa ba a jingina mutum ga wanda ba ubansa ba. Ni ma na karanta, ba ji na yi a bakin kanti ba. Amma wa ya jingina ni? Fasfona yana nan, Djibrilla Issaka. Tsohon da ake cewa ya raba ni da salla shi yake ƙwanƙwasa mini ƙofa in na makara da asuba, kuma tun da na shigo ya daina sa naman alade a tukunya.

Ki samu lokacin da Baba ya huce, bayan la'asar in ya ba ragunansa dusa, ki karanta masa wannan duka. Wurin da na yi wa Alhaji rashin kunya ma kada ki tsallake. Ki gaishe da Inna, ki ce ta sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Djibrilla

Greensboro, Mayu 2006

Yaya Fassouma,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, da fatan zafin bana bai takura wa Inna ba. Na ji Oumaima ta yi ƙyanda, Allah ya sa kaffara ne. Ki shafa mini kanta.

Takardarki ta zo. Na karanta ta a tsaye a bakin akwatin wasiƙa, na sake karantawa a zaune. Kin ce Baba ya rantse ba zai saurari takardata ba, ba zai ji muryata ba, sai an goge sunan na bar gidan, kuma kada in sake taka shi. Kin ce kin gwada, ya tashi ya bar miki tabarmar. Ban ga laifinki ba.

To, ki gaya masa an yi.

Na jira sai da tumaki suka gama haihuwa, don ba zan bar tsoho da wannan aikin ba ko wa ya rantse. Sannan na zaunar da shi na yi masa bayani. Na ɗauka zai yi faɗa, har na shirya abin da zan mayar. Sai ya tambaye ni kawai ko babana ne da kansa ya faɗa. Na ce shi ne. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce shi ma da maganar ubansa ya bar duwatsunsu, an zaɓi wansa a bar masa gida, kuma bai sake ganin ƙofar ba. Ya ce maganar uba ba a ajiye ta a ƙasa.

Washegari na ɗauko injin goge katako na jingina tsani. Yaya, abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da na fara hawa tsanin ya yi rawa, sai tsohon ya zo ya riƙe mini shi. Ina sama ina goge abin da ya sassaƙa, garin katako yana zuba a kan hularsa da kafaɗunsa, shi kuwa ya kama tsani da hannu biyu kada in faɗi. Bai ɗaga kai ba har na gama. Da na sauko na duba, wurin ya yi fari tas a tsakiyar tsohon katako, har ya fi sunan fitowa. Daga bakin titi ma ana hango shi.

Ya kai ni gari da kansa. Ya ba ni cuku na nonon tumaki mai girman ƙwarya, ya ce in riƙa ci da safe, na rame. Karensa ya bi motar har kwanar titi.

Yanzu ina East Greensboro, ɗaki ɗaya da Lamine, wani yaron Maraɗi mai haƙuri da ni, muna lodin kujeru a wani sito. Ranar Juma'a Alhaji ya dafa kafaɗata a ƙofar masallaci ya ce wa mutane, "Ɗanmu ya dawo gida." Na ciji harshena har na ji gishiri.

Ina buga wa tsohon talho ranar Lahadi, tunda Baba taka gidan ya hana, bai hana magana ba. Ba ya son talho. In ya ɗauka sunan gidan kawai yake faɗa, sai ya ba ni labarin tumaki ɗaya bayan ɗaya, bai taɓa ba ni nasa ba. A makon jiya ne ya ambata, kamar ba komai ba, cewa ɗan ƙanen matarsa na Charlotte ya zo da wani mutum mai abin awo sun zaga filin. Na nemo masa wani ɗan Meziko da zai riƙa zuwa da rana, amma mutumin yana da iyali, ba ya kwana.

Ban rubuto don a tausaya mini ba. Na bi Baba, kuma in an sake zan sake bi. Amma yanzu da sharaɗinsa ya cika, ki roƙe shi ya saurari waccan takardar ta farko. Ba don ni ba. Lokaci ne nake jin tsoro.

Ki gaishe da kowa da kowa, har da maƙwabta.

Naki,
Djibrilla

Greensboro, Janairu 2007

Yaya Fassouma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Ina fatan Baba da Inna suna cikin ƙoshin lafiya, da ke da maigida da yara. Na ji an yi layya da ragon da Baba ya turke da kansa, Allah ya karɓa.

Kaset ɗin ya iso. Lamine ya dawo daga hutu ana gab da Sallah ya miƙo mini, ya ce daga hannunki ya karɓa. Na gode, Yaya. Na san ba a rana ɗaya kika shawo kansa ba. Da na ji muryar Baba ya ce "Jibo", sai da na tsayar da rediyon na fita waje. Na ji inda ya ce bayan azumi ne ya sa kika karanta masa. Na ji dariyarsa da ya ce, "Ashe sunan gida ne. To shi Chaïbou da ya aiko da maganar, garin Gidan Rumji ne ya haife shi?" Na ji ya ce in koma in riƙe tsohon kamar yadda zan riƙe shi, in gaishe shi, in ce masa wani makiyayi a Damagaram ya gode.

Kada ki karanta masa abin da zai biyo baya sai kin ga ya ci abinci.

Tun watan Oktoba talhon tsohon ya daina shiga. Na ce wa kaina fushi yake, ko ya cire wayar don ta dame shi. Na fi son in yarda da haka. Ranar da kaset ya zo na ari motar Lamine ban ko canza rigar aiki ba. Na tarar da sarƙa a ƙofar gona da allon masu sayar da fili. Babu ƙarar ƙararrawar tumaki, babu kare. Na tsallake shinge na je har ƙofar gida. Sunansa da na matarsa suna nan, farin wurin nan yana ƙasansu.

Matar da ke maƙwabtaka da shi ta ba ni labari. Ya faɗi a garke ranar da ɗan Meziko ba ya zuwa, ƙashin ƙugunsa ya karye, yana kwance a ƙasa har sai da haushin kare ya ishe ta ta leƙo. Daga asibiti na Charlotte ya wuce da shi gidan tsofaffi. Tumaki an loda su a kamyo an kai kasuwa. Kare wani ya ɗauka, ba ta san wa ba.

Na samo gidan tsofaffin. Ba zan ce suna wulaƙanta shi ba, wurin da tsabta, ma'aikatan da fara'a. A ƙofar ɗakinsa an manna 'yar takarda: John E. Sunan da ya tsallako teku da shi, ya hau duwatsu da shi, harafi ɗaya ya rage. Wata ma'aikaciya ta ce mini ya ruɗe, surutai yake yi, har sun kawo mai jin Sifaniyanci bai gane komai ba. Ba surutai ba ne, Yaya. Yarensu ne ya dawo masa. Ingilishi ya tafi, Faransanci ma kaɗan ya rage. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya kama wuyan hannuna ya tambaye ni da wannan kaɗan ɗin ko na yanke kofaton tunkiya mai tsagaggen kunne. Na ce na yanke. Ya ce ruwa fa, na fasa ƙanƙarar kwami? Na ce na fasa. Allah ya yafe mini, in na je gobe haka zan sake cewa.

Na kunna masa kaset ɗin Baba. Ya saurara tun daga bisimilla har ƙarshe, bai san kalma ɗaya ba, yana gyaɗa kai. Da Baba ya yi dariya shi ma ya yi. Sannan ya ɗauki nasa yaren ya yi ta ba rediyon amsa. Kafin in fita na roƙi alƙalami na rubuta sunansa cikakke na manna a kan waccan takardar. Ma'aikaciyar ta tambayi yadda ake faɗa, na koya mata, na gaya mata ma'anarsa. Ta ce suna mai daɗi. Da na koma Lahadi na ji ta kira shi John.

Na buga wa na Charlotte na ce na dawo, zan kwana a gidan, zan ɗauke shi in kula da shi. Ya yi mini magana da ladabi. Ya ce an riga an sa hannu, gidaje za a gina a wurin.

Ban riƙe Baba ba, kada ki bar shi ya riƙe kansa. Abin da aka kai masa ya yi hukunci a kai. Kullum dai ina juya ranar layyar nan a raina. Da na ja Alhaji gefe na yi masa bayani a hankali, wataƙila da maganar ta mutu a bayan rumfa. Wataƙila. Amma shi ma babba ne, yana da mota, yana da baki. Tsohon nan shekara da shekaru yana buɗe musu gonarsa su yi yanka yadda addininsu ya ce, yana dafa musu ruwa. Ba wanda ya taka ya tambaye shi me ya sa ya rubuta abin da ya rubuta. Talho zuwa Damagaram ya fi musu kusa da ƙofar da suke tsaye a gabanta.

Bana sun je sun tarar da sarƙa, suka bazu neman raguna har wata jiha. A filin Idi Alhaji ya tare ni da murmushi ya ce, "Jibo, tsohon naka ya ba mu kunya bana. Ba ka san wani wuri ba?" Ni da kika sani, na juya na bar wurin. Ban amince da abin da zai fito daga bakina ba.

Ga roƙona. Ki nemar mini izinin Baba in kunna kaset ɗinsa a taron ƙungiya na wata mai zuwa. Ba zan ƙara ko kalma ta zagi ba, na yi miki alkawari. Ki kuma aika wa ɗan'uwan Alhaji na kasuwar dabbobi, wanda ya kai wa Baba maganar, cewa ya saurari amsa ta hanyar da ya ji tambaya. Ki gaishe da Inna, ki ce cukun da na ba ta labari ya ƙare, na ajiye ƙyallen.

Alhaji a gaban mutane ya tambaye ni yaushe ubana ya rasu, don haka ba na son a turo mini Lamine da "a yi haƙuri", ba na son a kira ni bayan kanti a ba ni lemo. Ya miƙe tsaye a gaban waɗanda suka cika gonar ranar nan, maza da mata, ya gaya musu sunan ubansa, ya gaya musu me ya sa shekara da shekaru yake amsa sunan gari bai ce an raba shi da kowa ba. In kuwa kiran mutum da wurin da ya zauna ba laifi ba ne, to ya faɗa da bakinsa, kowa yana ji, da wane hukunci aka raba Manex Etcheverry da gidansa.

Ƙaninki,
Djibrilla Issaka, na Sabon Gida